Kafin ka sa baki a labarin garinku: jagora ga mai waya a karkara

Wayar da ke hannun saurayi ɗaya a ƙauye ba tasa ba ce shi kaɗai. Shi zai karanta wa majalisa abin da ya gani a Facebook bayan sallar isha'i, shi zai kunna wa mahaifiyarsa saƙon muryar da aka turo daga Kano, shi dattawa za su tambaya a teburin mai shayi ko da gaske ne kuɗin taki ya sauko. In kuma wani abu ya faru a garin, ruwa ya ci gonaki ko gada ta karye, abin da ya rubuta a ƙarƙashin labarin shi mutanen Abuja da Legas za su ɗauka a matsayin bakin garin baki ɗaya. Nauyin da ke kansa ya fi na ɗan birni, wanda unguwarsu kaɗai akwai ɗaruruwan masu rubutu irinsa.

A ganina, tsokacin da mutumin karkara zai yi a kan labari shaida ce yake bayarwa. Ɗan jarida yana Dutse ko Kano, sau da yawa ta waya ya haɗa rahotonsa. Kai kuwa kana wurin, ka san gonar, ka san mai ita. Abin takaici ne a ce wannan dama ta ƙare a "Allah ya isa" da zagin iyayen wanda ba ka taɓa gani ba.

Buɗe labarin tukuna

Yawancin faɗan da ake yi a ƙarƙashin labaran BBC Hausa da Aminiya da Freedom Radio, a kan kanun labari ake yin sa, ba wanda ya shiga ciki. Na san uzurin: data ta yi tsada, sabis kuma sai an fita bakin titi. Amma rubutaccen labari ba ya cin datar da bidiyon TikTok ɗaya ke ci. In sabis ya ƙi buɗe labarin, to tsokacin ma ya jira.

In ka buɗe, fara da ranar da aka wallafa. Tsohon labari yana dawowa, kuma ɓarnarsa ba ta gaza ta ƙarya ba. Tuna lokacin canjin kuɗi a farkon 2023: wa'adin daina karɓar tsofaffin takardun naira ya tashi daga 31 ga Janairu zuwa 10 ga Fabrairu, sannan a ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓarsu har ƙarshen shekara. A wancan lokacin, wanda ya turo labarin makon jiya gaskiya ya turo, sai dai gaskiyar ta riga ta tsufa, kuma da ita mai sayar da akuya a kasuwar Maigatari ranar Alhamis zai yanke shawarar ya karɓi kuɗin ko ya koma gida da dabbarsa.

Sai wuri. Garki ta Jigawa daban, Garki ta Abuja daban, Garko ta Kano daban. Akwai Dutse a Jigawa, akwai Dutse a Abuja. Sabon Gari da Tudun Wada kuwa ba su ƙirguwa. Kafin ka tayar da hankalin wanda ɗansa ke can, tabbatar da jiha da ƙaramar hukuma.

Sannan wa ya faɗa? Labari mai tushe zai ce kakakin 'yan sanda ya ce, ko shugaban ƙaramar hukuma ya ce, ko wani mazaunin garin ya shaida wa wakilinmu. Wanda ya fara da "labari da ɗumi-ɗuminsa" ya ƙare da "a yaɗa don Allah" ba tare da sunan kowa ba, ajiye shi gefe. Tambarin gidan jarida a jikin hoto ba hujja ba ne, yaro ma zai iya liƙa shi da waya. Shiga ainihin shafin gidan ka duba ko labarin yana nan. Facebook yana nuna ranar da aka buɗe shafi da sunayen da ya taɓa amfani da su, ka leƙa wurin. Shuɗiyar alamar nan ta tabbatar da shafi ma yanzu biya ake yi a samu, ba ta isa shaida ita kaɗai ba.

Hoto, bidiyo da saƙon murya

Nan ne idon ɗan ƙauye ya fi na kowa, in ya yi amfani da shi. An turo bidiyo an ce ambaliyar jiya ce a Ringim: dubi amfanin gonar da ke ciki, ya dace da watan da ake ciki? An ce harin daren jiya ne, ga mutane da rigunan sanyi alhali ana tsakiyar bazara? Dubi lambar mota, irin ginin, kalar ƙasar, kakin jami'an tsaro. Saurari Hausar da ake yi. Kunnenka ya san bambancin harshen Haɗejawa da na Sakkwatawa da na mutanen Damagaram.

In hoto ne, saka shi a Google Lens, zai nuna maka wuraren da ya taɓa fitowa, wani lokaci har da shekarar. Akwai kuma masu aikin tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check. Rubuta kalmomi biyu-uku na labarin tare da sunansu a Google, sau da yawa za ka tarar sun riga sun bi diddiginsa.

Saƙon murya ya fi wuyar sha'ani, domin shi ke kaiwa ga iyayenmu mata da waɗanda ba sa karatun boko, kuma murya mai rawa tana shiga zuciya. Tambayi saƙon: mai maganar ya faɗi sunansa? Ya faɗi garin? Ya faɗi ranar? In "jiya" kawai ya ce, wannan jiyan za ta iya zama ta bara. In ka ga kibiya biyu a saman saƙon WhatsApp, alama ce ya bi ta hannuwa da yawa kafin ya iso gare ka, wato wanda ya turo maka bai san mafarinsa ba. A watan Agustan 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Najeriya, saƙo ya zaga cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Mutane sun tashi 'yan'uwansu daga barci don ƙauna, aka kwantar da wasu a asibiti, har aka rasa rayuka. Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira ta zo, ana iya kwaikwayon muryar malami ko gwamna. In ka ji babban mutum ya faɗi abin da bai yi kama da shi ba, nemi cikakken karatun ko jawabin a shafinsa.

Akwai wuri guda da nake sassautawa: inda rai ke cikin haɗari kuma lokaci ya ƙure. Tun da madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri a watan Satumban 2024, duk wanda ke zaune a ƙasan madatsun Tiga da Challawa, daga Wudil zuwa Ringim, Auyo da Haɗeja, yana da dalilin tsorata in ya ji maganar dam. In irin wannan saƙo ya zo, kira wanda ka sani a yankin Bebeji ko Ƙaraye inda madatsun suke, kunna rediyo, sanar da mai unguwa. In dole ka rubuta kafin ka tabbatar, to rubuta shi yadda yake: "Ana ta yaɗa cewa za a saki ruwa. Ban tabbatar ba, ina kan tambaya. A dai zauna cikin shiri." Wannan ya sha bamban da "Dam ya fashe, ku gudu," wanda zai sa tsoho ya karye a duhu.

Musulmi bai buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da neman tabbaci in labari ya zo, don kada mu cutar da wasu cikin jahilci mu dawo muna nadama. Hadisi kuma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji.

Yadda za ka tsara abin da za ka rubuta

Raba maganarka gida uku a zuciyarka kafin ka taɓa allon waya: abin da ka gani da idonka, abin da aka faɗa maka, da abin da kake zato. Kowanne ka kira shi da sunansa. Ga misalin tsokaci a ƙarƙashin labarin ambaliya:

"Ni mutumin garin ne. Ruwan ya shigo daren Talata bayan isha'i. Da idona na ga gidajen da suka rushe a unguwar gabas, kuma mutane suna kwana a makarantar firamare. Maganar rasuwa ji na yi, ban tabbatar ba. Hanyar mota ta yanke, sai kwale-kwale. Abin da aka fi buƙata yanzu ruwan sha ne da gidan sauro."

Layi shida ne, amma ɗan jarida zai iya kiran mai wannan rubutu, jami'in hukumar agajin gaggawa zai san abin da zai ɗoro a mota, ɗan garin da ke ci-rani a Fatakwal zai san halin da unguwarsu ke ciki. Kwatanta shi da "Gwamnati ta kashe mu, gari ya tashi," wanda ba ya gaya wa kowa inda zai nufa.

Kada ka ƙara wa adadi gishiri. In gida bakwai ka ƙirga, ka ce bakwai. Akwai masu ganin sai an kambama abu hukuma ke motsawa, amma ranar da aka zo aka ƙirga aka ga ba haka ba, an daina yarda da garin ke nan, har a ranar da masifar ta zama ta gaske. Rubuta Hausa cikakkiya, ka rage gutsure kalmomi, domin wani ne zai karanta wa dattijo da babbar murya. Allon rubutun waya na Gboard yana da Hausa da haruffanta masu lanƙwasa, sa shi a wayarka. Kuma kada ka ce "a madadin al'ummar gari kaza" sai in da gaske an zauna an wakilta ka. Garin yana da mai unguwa da dagaci da liman da ƙungiyar ci gaba. Yi magana da sunanka, ya wadatar.

In ranka a ɓace yake, rubuta ka ajiye, je ka yi alwala ka yi salla, ka dawo ka sake karantawa. Magana zarar bunu ce, ta intanet kuwa kafin ka goge wani ya riga ya ɗauki hotonta.

Ranar mutuwa da haɗari

A daren 15 ga Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura. Mutane suka taru ɗibar man da ke zuba, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu, aka kwashi masu ƙuna zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja da sauransu. Duk wanda ya bi abin da aka riƙa rubutawa a kwanakin ya ga iri biyu na rashin tausayi: masu yaɗa hotunan gawarwaki, da masu cewa kwaɗayi ne ya ja musu. Waɗannan mamata suna da uwaye, kuma a gidajensu akwai waya.

A irin wannan rana, kada ka ɗora hoton gawa ko na mai rauni da aka kware masa sutura. In ka ɗauka don hujja, ajiye a wayarka ka ba jami'i ko ɗan jaridan da ya nema. Kada ka riga iyalin mamaci sanar da sunansa. A al'adarmu babba ake turawa ya je ya faɗa da lafazi mai sanyi, bai kamata matar aure a wani gari ta ga hoton ƙaninta da "Innalillahi" a zauren WhatsApp ba. Jira sanarwa ta fito daga gidan, sannan ka yi ta'aziyya. Abin da ke da amfani a sa'o'in farko shi ne wane asibiti aka kai mutane, ana buƙatar jini ko a'a, ƙarfe nawa za a yi jana'iza, wace hanya ce a rufe.

Gargaɗi yana da muhallinsa. Dole a gaya wa matasa cewa in tanka ta faɗi nesa ake yi da ita, ko mai na zuba kamar ruwa. Amma a faɗe shi ga masu rai don a tsare su, ba a jefi waɗanda ke kabari da shi ba.

Haka batun fyaɗe ko cikin shege ko rikicin aure. A birni ana iya ɓoye suna a tsira, a ƙauye kuwa in ka ce "wata yarinya a unguwa kaza, 'yar mai sana'a kaza," ka gama faɗin suna. Yarinyar a garin za ta ci gaba da zama, a nan za a nemi aurenta. Kuma wanda ya jefi wani da zina ba shaidu huɗu, hukuncinsa a Suratun Nur bulala 80 ne. Kano da Jigawa duk suna da kotunan shari'ar Musulunci, kuma rubutunka da kansa zai tsaya shaida a kanka.

In labarin ya taɓa ƙabila ko addini

A ƙarshen watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo suna hanyar dawowa gida, da dama daga cikinsu mutanen ƙaramar hukumar Bunkure ta jihar Kano. Zafin da aka ji gaskiya ne, kuma babu mai cewa a yi shiru. Amma kafin ka rubuta "sai mun rama," tuna su wane ne za su biya. Ƙannenmu suna can Kudu suna acaba, suna facin takalmi, suna sayar da albasa da shanu. A hedikwatar ƙaramar hukumarku kuma akwai ɗan Kudu mai kemis ko mai kayan gyaran babur da bai san hawa ba bai san sauka ba. Abin da ya kamata a cika shafuka da shi shi ne: a kama waɗanda suka yi, a gurfanar da su, a biya diyya, a kula da marayu. A kuma ci gaba da tambaya bayan wata uku, bayan shekara, lokacin da kowa ya koma harkarsa. Wannan naci ya fi wuya, ya kuma fi amfani ga iyalan.

An ga inda hoto ya kai a jihar Filato a watan Yunin 2018. Binciken BBC ya nuna cewa wasu hotunan da aka yaɗa a Facebook a lokacin rikicin ba na wurin ba ne, wani ma daga wata ƙasa aka ɗauko shi, kuma 'yan sanda sun ce sun taimaka wajen rura wutar ramuwar gayya.

A gida kuma, duk kaka sai an ji labarin manoma da makiyaya, musamman a yankin fadamar Haɗeja. In shanu sun shiga gona, faɗi gonar da ranar da ɓarnar. Kada ka ɗora wa ƙabila guda laifin mutum uku. In kana zargin wani da sata ko haɗa baki da ɓarayi, sunansa wurin dagaci da 'yan sanda za ka kai, ba Facebook ba. Hoton mutum da "ga ɓarawon yara" a ƙasa ya isa a tare shi a kasuwa a kashe kafin a tambaye shi sunansa, kuma jininsa yana wuyan wanda ya fara ɗorawa da waɗanda suka yaɗa.

In gidan jarida ya yi kuskure a kan garinku

Yana faruwa: a saka ƙauye a ƙaramar hukumar da ba tasa ba, a ce an kammala rijiyar burtsatse alhali ba ta taɓa kawo ruwa ba, a ji ɓangare ɗaya a rikicin fili. Zagin ɗan jarida da cewa an saye shi ba ya gyara komai. Ga abin da ke aiki.

Rubuta gyaran a ƙarƙashin labarin cikin ladabi, a taƙaice: ga abin da kuka ce, ga yadda abin yake, ga hujja. Kada ka tsaya nan, domin tsokaci ɗaya yana nitsewa cikin ɗaruruwa. Tura saƙo kai tsaye ga shafin, ko ka kira lambar da suke bayarwa a shirye-shiryensu. In rediyo ne, faɗi sunan shirin da ranar da lokacin da aka sa shi, don su iya nemo faifan. Haɗa da hoton da ka ɗauka da kanka, ka faɗi ranar da ka ɗauka. Ba su sunan wanda zai iya tabbatarwa, kamar mai unguwa ko shugaban makaranta, amma ka nemi izininsa kafin ka ba da lambarsa. In an ambaci mutum ko gari da abin da ba haka ba, ku nemi a ba ku dama ku faɗi naku ɓangaren a shirin da aka yi maganar. Wannan ƙa'ida ce a aikin jarida, ba alfarma ba. Ajiye kwafin duk abin da ka tura. In gidan rediyo ko talabijin ya ƙi saurare a kan babban lamari, ana kai ƙorafi hukumar NBC mai kula da kafofin watsa labarai.

In sun gyara, koma ka rubuta cewa sun gyara, ka gode. Wakilin da ya ga kana da adalci zai riƙe lambarka, gobe in wani abu ya taso a yankinku kai zai fara kira.

Sukar hukuma, da abin da doka ta ce

Ƙananan hukumomi 44 na Kano da 27 na Jigawa ba za su gyaru da shiru ba. Asibitin da ba ma'aikaci, ajin da rufinsa ya yaye, takin da aka karkatar, duk haƙƙinka ne ka faɗa. Amma akwai bambanci tsakanin "Na je asibitin garinmu ranar Litinin da ƙarfe goma na safe, a kulle yake, ga hoto" da "Ciyaman ɓarawo ne." Na farko za ka iya tsayawa a kansa a gaban kowa. Na biyu sai ka kawo takardu. In akwai allon kwangila a wurin aikin, ɗauki hotonsa, domin yana ɗauke da sunan ma'aikatar da ɗan kwangilar. Yi tambaya: nawa aka ware, yaushe aka ce za a gama? Ka fara da kansila da dagaci, don in ka fito fili ka iya cewa mun kai kuka ranar kaza ba a amsa ba. In batun cin kuɗi ne kuma akwai hujja, Kano tana da hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci, takarda a can ta fi rubutu ɗari nauyi.

Ka san dokar da ke ƙasa. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, a sashe na 24 ta tanadi tarar da za ta iya kai naira miliyan 7 ko ɗaurin da zai iya kai shekara 3 ga wanda ya yaɗa abin da ya san ƙarya ne don tayar da hargitsi ko jefa rai cikin haɗari. Ɓata suna kuma laifi ne a dokokin jihohin Arewa. A watan Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa matasa biyu masu wasan barkwanci a TikTok bulala 20 da tara da sharar harabar kotu na kwana 30 saboda ɓata sunan gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje. A wancan watan dai aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse kan abin da ya rubuta a Twitter game da Aisha Buhari, sai da aka yi ta kiraye-kiraye kafin a janye ƙarar. Ba na goyon bayan a riƙa tsorata talaka da kamu don ya yi magana, kuma an sha amfani da waɗannan dokoki ta hanyar da ba ta dace ba. Amma ɗan ƙauyen da ba shi da lauya ba shi da ɗan'uwa a sama shi ya fi kowa buƙatar rubutunsa ya zama mai tsayuwa da ƙafarsa. In 'yan sanda sun gayyace ka kan rubutu, kada ka je kai kaɗai, sanar da manyanka, nemi lauya, kuma ka adana hotuna da saƙonnin da ka dogara da su.

In an tanka maka da zagi

Amsa sau ɗaya, a kan batun, ka bari. Wasu biyansu ake yi su kare ɗan siyasa, ba za ka taɓa gamsar da su ba, datarka kawai za ka ƙona. In wanda kuka saɓa ɗan garinku ne, kira shi a waya ko ka same shi. Gobe za ku haɗu a sahu ɗaya, a jana'iza ɗaya, wataƙila gidansu za a je nema wa ƙaninka aure. In ya girme ka, girmansa bai faɗi don yana Facebook ba: Malam, Baba, Yaya, Hajiya, duk suna nan daram. Rigimar malamai kuwa, guntun bidiyon daƙiƙa talatin da aka yanko daga karatun awa biyu bai isa ka kafirta kowa a kansa ba. Wanda ya yi maka barazana, ɗauki hoton saƙon kafin ya goge, ka toshe shi, ka kai rahoto.

Ke kuma 'yar'uwa, kina da haƙƙin faɗin ra'ayinki kamar kowa, kuma akwai abin da ke faruwa a asibitin haihuwa da makarantar 'yan mata da ke kaɗai za ki iya ba da shaidarsa. Shiga saitin Facebook ki taƙaita masu iya turo miki saƙo da masu ganin hotunanki. Wanda ya biyo ki ta saƙon sirri da maganar banza, ba ya bin ki bashin amsa.

Tarkon da ke cikin tsokaci

"Ajiye lambar asusunka, Alhaji zai raba tallafi." "Latsa nan ka cike fom ɗin rancen noma." Kada ka rubuta BVN ko NIN ko lambar katin banki a ko'ina a fili. Lambobi shida da WhatsApp ke turowa ta saƙon tes naka ne kai kaɗai, wanda ya karɓe su ya ƙwace layinka, ya shiga roƙon 'yan'uwanka kuɗi da sunanka. Kunna matakin tsaro na biyu a saitin WhatsApp. In za ka bar waya wurin mai caji ko ka ara wa aboki, sa mata makulli, domin abin da aka rubuta da shafinka kai za a tambaya.

In abin da ka yaɗa ya zama ba haka ba

Gogewa a ɓoye ba ta isa ba. A Facebook, gyara rubutun ka sa "Gyara" a samansa, ka faɗi abin da ya tabbata. A WhatsApp ana iya goge saƙo ga kowa cikin kusan kwana biyu, yi hakan, sannan ka bi kowane zaure da ka tura masa ka aika da gyaran. In da murya labarin ya tafi, da murya za ka gyara shi, ka faɗi sunanka da ranar, domin waɗanda suka ji na farko ba lallai su iya karanta na biyu ba. In sunan wani ya ɓaci, je gidansa ka nemi afuwa, ka kuma wanke shi a wurin da ka ɓata shi. Sannan ka koma majalisar da ka karanta wa labarin, ka gaya musu baki da baki, tun kafin ranar kasuwa ta zo su kai shi ƙauyukan maƙwabta.